Gidan injiniya da bukkar lebura: Arlit ɗin da mutanenmu suka sani

 Yau mun ajiye zancen taki da farashin hatsi, za mu yi arewa. Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya taɓa jin an ce wane yana Arlit. Wasu sun tafi da ƙuruciyarsu suka dawo da furfura da rediyo da keken ɗinki, wasu suka dawo da tari, wasu kuwa can aka rufe su. In ka zauna da waɗanda suka dawo, da wuya hira ta yi nisa ba a kawo maganar gidajen Turawa ba, wato injiniyoyin da suka zo haƙar ƙarfen yuraniyom tare da matansu da 'ya'yansu, suka kafa zama a tsakiyar hamada kamar suna garinsu. Labarin waɗannan gidaje za mu bi, domin ta ƙofar baya mutanenmu suka shige su, a matsayin kuku da boyi da mai gadi da mai ban ruwa, kuma abin da suka gani a ciki tarihinmu ne mu ma.

Sai mun fara da gyaɗa kafin a gane abin da ya kai Bamagarye can. Daga zamanin mulkin mallaka har bayan samun 'yancin kai a 1960, gyaɗa ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa waje, kuma ƙasar Magariya da Matamaye na cikin uwayen nomanta. Kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, shi ke saye. Da kuɗin gyaɗa ake biyan haraji, da shi ake aure, da shi ake ɗinkin salla. Sai fari ya kama daga ƙarshen shekarun 1960, ya yi tsanani a 1973 da 1974, ciwo kuma ya faɗa wa gyaɗar a 1975, noman ya durƙushe bai ƙara miƙewa kamar da ba. Cin rani dama al'adarmu ce, amma Kano aka fi sani, da sauran garuruwan Najeriya. To a daidai wannan lokacin ne labari ya fara zuwa cewa can gaba da Agadas an buɗe wani sabon gari inda ake biyan albashi kowane wata. Tafiyar kusan kilomita 800 ce daga nan: Damagaram, Tanut, Aderbissinat, Agadas, sannan wasu kilomita 240 cikin dutse da rairayi, a bayan babbar mota, bisa buhunan kaya.

Garin kansa sabo ne ful. A 1957 masu binciken ƙasa na Faransa suna neman jan ƙarfe a Azelik suka ci karo da alamar yuraniyom. Hukumar nukiliyar Faransa ta ci gaba da tono har ta kai ga babban arzikin da ke yammacin duwatsun Ayar. A 1968 aka kafa kamfanin SOMAÏR, a 1969 aka aza garin Arlit domin ma'aikatansa, a 1971 aka fara fitar da kaya. A 1974 aka kafa na biyu, COMINAK, mai ramin ƙarƙashin ƙasa a Akouta wanda zurfinsa ya kai wajen mita 250, shi ma ya gina nasa garin, Akokan, 'yan kilomita kaɗan daga Arlit, ya fara aiki a 1978.

Mutanenmu duk wanda suka gani fari Anasara ne, ba su rarrabewa. Gaskiya ne galibin injiniyoyin Faransawa ne, amma kuɗin da aka haƙa ramukan da su na ƙasashe da yawa ne. A SOMAÏR akwai hannun jarin wani kamfanin Jamus ta Yamma mai suna Urangesellschaft, da na wani kamfanin Italiya. A COMINAK akwai na Japanawa da na Sifaniyawa. Jamus a lokacin tana ta gina tashoshin lantarki na nukiliya, tana neman inda za ta tabbatar da makamashinsu, sai ta saka kuɗinta a ƙasar Ayar. Ba wannan ne karon farko da Bajamushe ya leƙa duwatsun nan ba. A 1850 Heinrich Barth, wanda ya yi ta yawo da sunan Abdulkarim, ya ratsa Ayar ya shiga Agadas, kuma wanda ya san unguwar Birni a Damagaram ya san akwai alamar gidan da ya sauka a ƙarshen 1852. Abokin tafiyarsa Adolf Overweg masanin duwatsu ne, ya je har Maraɗi da Gobir, ya rasu a bakin tafkin Cadi. Sun taka ƙasar ba su san abin da ke kwance a ƙarƙashinta ba. Ku riƙe zancen Jamus ɗin nan, za mu komo kansa.

To yaya iyalin injiniya ke zaune a wurin da ba a shuka, ruwan sama kuma sai a shekara ba a ga na kirki ba? Kamfani ne ya ɗauke masa komai. Unguwar kamfani, wadda ake ce wa Cité, an tsara ta bisa muƙami, kamar barikin soja. Manyan ma'aikata suna da gefensu, matsakaita suna da nasu, leburori suna da nasu, kuma da ganin girman gida da faɗin fili ka san matsayin mai shi. Gidan injiniya na siminti ne, da na'urar sanyaya ɗaki da firji, famfo ba ya ƙafewa, wuta ba ta ɗaukewa. Ruwan daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi, tsohon ruwa ne da ya taru tun zamanin da Sahara ke da damina, wanda in aka kwashe ba ya dawowa. Da shi ake wanke dutsen ma'adini, da shi kuma ake ban ruwan furannin ƙofar gida da cika tafkin siminti na wanka a kulob. Wutar kuwa daga farkon shekarun 1980 daga Tchirozérine take zuwa, inda kamfanin SONICHAR ke ƙona gawayin dutse. Akwai kantin kamfani da ake cika shi da kayan Turai, har cuku da 'ya'yan itacen da ba a taɓa gani a kasuwar Agadas ba. Akwai makarantar yara mai bin tsarin karatun Faransa, akwai gidan likita na kowane kamfani, akwai filin jirgi. Shi ya sa aka yi wa garin laƙabi da Faris ta biyu, har wani ɗan Benin mai shirya fim, Idrissou Mora-Kpai, ya sa wa fim ɗinsa na 2005 wannan suna.

Amma kada mu ɗauka zaman daɗi ne zalla. Maigida ya fita tun da sassafe, ko rami ko masana'anta. Uwargida, wadda ma'aikatan gida ke kira madam, ta wuni cikin ɗaki saboda zafi da iska mai rairayi. Sau da yawa mace ce da ta bar aikinta da danginta ta biyo miji, ba ta jin Hausa, ba ta jin Buzanci, duniyarta ba ta wuce kanti da kulob da gidajen matan abokan aikin mijinta ba. A nan ma muƙamin miji ke bin mace: matar shugaba daban, matar ƙaramin injiniya daban. Yara su ne suka fi more garin. Su ke tsintar Hausa a bakin mai gadi, su ke sanin ɗanɗanon ƙosai da shayin Buzaye, in sun girma kuma a tura su Turai ci gaba da karatu. Hutu ya zo a hau jirgi. Kwangila ta ƙare a ɗaure akwati, a bar wa kuku tsohon firji ko keke da takardar shaida cewa mutumin kirki ne. Iyalin injiniya sun san ranar zuwansu, sun kuma san ranar tafiyarsu, kuma a ganinmu wannan ya fi na'urar sanyi da tafkin wanka raba su da mutanenmu.

Domin mutanenmu ba duka ne suka samu shiga Cité ba. Wanda kamfani ya ɗauka da lamba ya samu ɗaki da wuta da ruwa da magani kyauta, shi da iyalinsa, kuma albashinsa ya fi na malamin makaranta a nan gida. Irin wannan in ya zo ganin gida, gari kan san ya zo. Sauran kuwa, masu jiran a ɗauke su, da ma'aikatan 'yan kwangila, da mahauta da masu tuwo-tuwo da dillalai da masu lambu, sai suka kafa nasu garin a bayan katanga, da kwali da tsohon kwano da gangunan da aka fasa. Sunan unguwar ma da Hausa yake har yau a Arlit: Bukoki. Buzayen da ƙasar take tasu tun asali, waɗanda fari ya kashe wa dabbobi, su ma nan da yawansu suka tare. A ƙidayar 2012 mutanen Arlit sun kusa dubu 80, kuma mafi yawansu ba su taɓa karɓar albashin kamfani ba.

Kayan da ake fitarwa gari ne mai ruwan ɗorawa, a cika ganguna, a ɗora wa manyan motoci su bi hanyar Tawa. Titin nan na Tawa zuwa Arlit, wajen kilomita 650, dominsa aka shimfiɗa shi a ƙarshen shekarun 1970. A da, daga nan sai tashar jirgin ruwa ta Kwatano, sai Faransa. Shugaba Diori Hamani ya nemi a ƙara farashi a farkon 1974, ana cikin tattaunawa sojoji suka kifar da shi ranar 15 ga Afrilu, kuma har gobe ana gardama a kan ko abubuwan biyu suna da alaƙa. Zamanin Seyni Kountché farashin ya hau, kason Nijar a SOMAÏR ya kai wajen ɗaya cikin uku, aka yi manyan gine-gine a Yamai irin su otal ɗin Gaweye, aka kuma soke harajin kai, abin da tsofaffinmu ba su manta ba. A 1981 ƙasar ta fitar da fiye da tan 4,000. Daga nan kasuwa ta faɗi, bayan hatsarin wata tashar nukiliya a Amurka a 1979 ya sa ƙasashe sun ja baya. Aka shiga rage ma'aikata. Iyalan Turawa suka yi ta raguwa, 'yan ƙasa da suka yi karatun ma'adinai a makarantar EMAIR ta Agadas da sauran wurare suka fara hawa kujerunsu, suna shiga gidajensu.

Yanzu mu komo kan Jamus. Shi kansa ƙarfen yuraniyom Bajamushe ne ya fara gano shi, Martin Klaproth, a 1789, cikin wani baƙin dutse da aka haƙo a duwatsun Sakisoniya. A wannan yanki akwai wani garin mahaƙa, Schneeberg, inda tun ɗaruruwan shekaru maza ke mutuwa da ƙuruciya da ciwon ƙirji, har aka sa wa ciwon sunan garin. A 1879 likitoci biyu na wurin suka tabbatar da cewa sankarar huhu ce. Daga baya aka gane sanadin: wata iska da ake kira radon, wadda ke fita daga dutsen, ba ta da wari ba ta da launi, tana taruwa a rami, mutum ya shaƙe ta tare da ƙura shekara da shekaru, ciwon kuma ba ya bayyana sai bayan shekara goma, ashirin, ko fiye. Kun ga ke nan shekara casa'in kafin a aza tubalin farko a Arlit, ilimin nan yana rubuce a littattafan Turai. Injiniyan da ya sauko daga jirgi ya karanta shi a makaranta. Leburan da ya sauko daga bayan mota bai taɓa jin sa ba.

Sai a farkon shekarun 2000 maganar ta fito fili, lokacin da wani ma'aikacin SOMAÏR, Almoustapha Alhacen, ya ga abokan aikinsa na ta mutuwa da ciwon da ba a faɗa musu sunansa ba, ya kafa ƙungiyar Aghirin'man. Shi ya gayyato masana na wata cibiya mai zaman kanta ta Faransa, CRIIRAD, a Disamban 2003. An riƙe musu manyan na'urori a filin jirgin Yamai, amma da ɗan abin da ya rage a hannunsu sun samu tarkacen ƙarfe mai guba a kasuwar Arlit, irin wanda ke fitowa daga ma'aikata mutane su saya su yi rufin ɗaki ko kayan gida. A Nuwamban 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna wani wuri a titin Akokan ta ce tiririn gubar ya ninka na al'ada har sau 500, ta kuma ce huɗu cikin samfurin ruwa biyar da ta ɗiba sun wuce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Kamfanin Areva, wanda ya koma Orano daga baya, ya ce abin da jama'a ke ɗauka bai wuce ƙa'ida ba, ko da yake ya kwashe ƙasar wuraren da aka nuna. Amina Weira, 'yar wani tsohon ma'aikacin rami, ta yi fim a 2016 a kan wannan ƙura da iska ke kaiwa kowane gida.

Kuma ƙurar ba ta tsaya a bakin katangar Cité ba. Wani Bafaranshe, Serge Venel, ya yi aiki a COMINAK daga 1978 zuwa 1985, ya koma gida, ya rasu a 2009 da sankarar huhu. Iyalinsa suka kai ƙara. A watan Mayun 2012 wata kotu a garin Melun ta ɗora wa Areva laifi ta ce a biya diyya, a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta Faris ta rushe hukuncin, bisa cewa COMINAK ce ta ɗauke shi aiki, ba uwar kamfanin ba. Iyalin ba su ci nasara ba, Allah Ya sani. Amma dubi abin da ke hannunsu: likitan da ya faɗi sunan ciwon, hukumar inshorar da ta yarda cewa ciwon aiki ne, takardun shekarun da ya yi, lauya, kotu, 'yan jarida. Namu da ya dawo ƙauye a shekarun 1990 ya yi ta tari har ya cika, me aka ce? An ce ciwon ƙirji ne, ko sanyi, ko sammu. Ba hoto, ba takarda, ba wanda ya ƙirga shi. An kafa wata cibiyar duba lafiyar tsofaffin ma'aikata a jihar Agadas a ƙarshen 2011, amma ƙungiyar lauyoyi ta Sherpa da ta sa hannu aka kafa ta, ta janye bayan shekara guda tana cewa abin ya zama na talla. Kuma ko da tana aiki yadda ya kamata, tsohon da ke kwance a Dantchiao ina shi ina Agadas?

Jamus ita ma ta haƙi yuraniyom a ƙasarta. Bayan yaƙin duniya na biyu, kamfanin Wismut a Jamus ta Gabas ya fitar wa Tarayyar Sobiyet fiye da tan dubu 200 kafin a rufe a 1990, kuma an yi ɓarna mai yawa ga mutane da ƙasa. Bambancin shi ne da ƙasar ta haɗe, gwamnati ta ɗauki nauyin gyara, ta kashe fiye da yuro biliyan 6 tana rufe ramuka da binne tarkace, aka amince da dubban masu sankarar huhu a matsayin waɗanda aiki ya jawo musu, aka kuma bi lafiyar ma'aikata kusan dubu 59 da sunayensu da shekarunsu. Ranar 15 ga Afrilun 2023 Jamus ta kashe tashoshinta uku na ƙarshe, ta fita daga harkar. Ranar ta zo daidai da ranar da aka kifar da Diori, shekara 49 tsakani. COMINAK kuwa ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, bayan ta fitar da wajen tan dubu 75, ta bar tarkace kimanin tan miliyan 20 a gefen Akokan, wanda kamfanin ya yi alkawarin rufewa da yumɓu da dutse. Ma'aikata wajen 600 aka sallama da haƙƙoƙinsu. Ɗaruruwan ma'aikatan 'yan kwangila, inda irin mutanenmu suka fi yawa, sun yi ta kukan cewa abin da aka ba su bai taka kara ya karya ba.

Zaman iyalan Turawa a Arlit ya ƙare ne a dare ɗaya. Daren 15 wayewar 16 ga Satumban 2010 'yan bindiga suka shiga gari suka ɗauke mutum bakwai daga gidajensu: Faransawa biyar, ɗan Togo ɗaya, ɗan Madagaska ɗaya. Cikinsu har da wani injiniya da matarsa, kuma reshen Alƙa'ida na yankin Magrib ya ce shi ya yi. Nan da nan aka kwashe sauran Turawa. An sako matar tare da 'yan Afirka biyun a Fabrairun 2011, mijinta da sauran uku sai ranar 29 ga Oktoban 2013, bayan fiye da shekara uku a hannun masu garkuwa. Ba abin da za a ce sai barka, domin azaba ce babu wanda zai so wa ɗan Adam irinta.

A wannan makon dai, a arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, aka tsinci gawarwakin mutum 92 da motocinsu suka lalace ƙishirwa ta kashe su. Yara 52, mata 33, maza 7. Mafi yawansu daga ƙasar Kance suke, maƙwabtanmu na nan kusa, sun ratsa garin yuraniyom za su Aljeriya neman abin sawa a baki. Shugaban Faransa da kansa ya je filin jirgi tarbar mutanensa huɗu, duniya ta san sunan kowannensu. Namu an yi musu zaman makoki na kwana uku a ƙasa, aka rufe su inda aka same su.

A watan Yunin 2025 hukumomin Yamai suka sanar da mayar da SOMAÏR mallakin ƙasa, Orano kuma ta kai ƙara kotunan sasanci na duniya. Waɗanda ke tafiyar da aikin yau 'yan Nijar ne, iyalansu ne a gidajen da madam ta zauna. Tarkacen yana nan inda yake, tsofaffin ma'aikata kuma suna warwatse daga Tawa har Dungas.

Saboda haka muna roƙon duk gidan da ke da tsohon da ya yi Arlit ko Akokan, ko yana raye ko ya riga mu gidan gaskiya, a buɗe akwatinsa a duba. Katin aiki mai lamba, takardar albashi, katin asusun ma'aikata na CNSS, takardar gidan likita, ko da takardar shaidar nan da Bature ya rubuta wa kukunsa ranar tafiya, kada a bari gara ta ci, kada a ƙunsa ƙosai da ita. A ɗauki hotonta da waya. In tsohon yana da rai a zauna da shi, a tambaye shi shekarar da ya je da shekarar da ya dawo, rami ya shiga ko masana'anta ko gidan wa ya yi aiki, da su wa suka tafi daga garin nan, su wa suka dawo, a rubuta. In kuma yana tarin da ya wuce mako biyu, a kai shi likita Magariya, a gaya wa likitan a fili cewa mutumin nan ya yi aikin yuraniyom.